Rabon Direba a Kwarin Barossa

Duk motar da ta tashi daga Adelaide da hantsin Asabar ta nufi Kwarin Barossa, a cikinta akwai mutum guda da aka yanke wa hukunci tun daga gida cewa yau ba zai sha ba. Dokar Ostireliya ba ta yarda barasa ta kai ma'aunin 0.05 a jinin mai tuƙi ba, kuma 'yan sanda sukan datse hanya ba zato ba tsammani su miƙo wa direba bututu ya hura. Saboda haka abokai kan yi karɓa-karɓa: wanda ya riƙe makulli wannan karon, wani karon a riƙe masa. Ɗaliban nan huɗu da suka fita a Asabar ɗin farko ta watan Maris na 2024 ba su sha wahalar wannan rabo ba, domin ɗaya daga cikinsu Bakano ne, mai karatun digiri na uku a kimiyyar ƙasar noma, wanda giya ba ta taɓa kusantar leɓensa ba, ba shi kuma da niyyar ta kusanta.

Sau uku ana gayyatarsa yana zillewa. Harabar Waite, inda yake karatu a kudancin birnin, ita ce kuma mazaunin cibiyar binciken giyar inabi ta ƙasar, wadda aka kafa a 1955, kuma da yawa daga cikin samfurin ƙasar da ake kawowa ɗakin gwajinsu daga gonakin inabi ake haƙo shi. Zancen gurbin aiki, da sanin wane malami ne ya samu kuɗin bincike, da sabon da ke sa a tuna da mutum in dama ta taso, duk a irin wannan fita ake ƙulla su. Wanda ba ya zuwa ba wanda ya ƙi shi, mantawa kawai ake yi da shi, ga baƙo mai neman gindin zama kuwa mantuwa ba ƙaramar asara ba ce. A ɗaya ɓangaren ya san abin da aka karantar da shi a Islamiyya game da zama a inda ake sha, da kuma game da mai ɗaukar kayan. Bai warware wannan ƙulli ba, kuma bai yaudari kansa cewa ya warware ba. Sharaɗi biyu kawai ya gindaya: ba zai biya wa kowa kuɗin kofi ba, kuma kwalba ba za ta shiga motarsa ba. Wanda ya saya, gidan giyar ya aika masa ta gidan waya, kamar yadda suka saba yi wa masu zuwa daga nesa.

Abin da ya fara ɗaure masa kai a ɗakin ɗanɗano na farko, a garin Tanunda, bokiti ne. A kan doguwar kanta, tsakanin kowane mutum biyu, an ajiye wani ɗan bokitin ƙarfe mai mazurari a baki. Abokiyar karatunsa, 'yar gidan manoman inabi daga yankin Riverland, ta ɗaga tambulan da aka zuba mata abin da bai fi cokali biyu ba, ta karkata shi a kan farar takarda, ta juya shi, ta cusa hanci ta shaƙa, ta kurɓa, ta kurkure baki kamar mai ciwon haƙori da ruwan gishiri, ta ja iska ta tsakanin haƙora har ana jin ƙara. Sannan ta sunkuya ta tofar. Hoton mashayi da ya taso da shi na mutum ne mai neman ya bugu ta hanya mafi sauri. Ga wata ta biya kuɗi don ta tofar.

Kada a ɗauka kowa haka yake yi. Sauran biyun haɗiyewa suka riƙa yi, Ostireliya kuma tana da nata rabon na gidajen da shaye-shaye ya rusa. Ita ce ƙasar da a 1965 wani mai gidan giya a Renmark, Thomas Angove, ya ƙirƙiro zuba giya a leda cikin kwali don a sha da yawa a kan araha. Amma masu sana'ar ɗanɗano tofarwa suke yi, dole. Alƙali a gasar giya yakan bi ta kan kofi fiye da ɗari a yini guda, kuma cutar sana'arsa da aka fi sani ita ce zaizayewar haƙora saboda tsami. To, in ba buguwa yake nema ba, me yake nema?

Tsohon tsarin gasar ƙasar ya ba da amsa da lissafi. Maki ashirin ake rabawa: uku na ido, bakwai na hanci, goma na baki. Ido ne mai ƙaramin rabo, amma shi ya fi iya ruɗi. A 2001, a Jami'ar Bordeaux ta Faransa, an ba ɗaliban fannin giya 54 farar giya da aka rina ta zama ja da rini marar wari, suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya. Duk mai sauraron masu ɗanɗano suna jero sunayen 'ya'yan itatuwa da furanni ya kamata ya ajiye wannan labari kusa.

Sai dai ba duka ne tatsuniya ba. Harshe abu kaɗan ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan daɗin romon nama ko daddawa. Sauran duk aikin hanci ne, ta ƙofar baya, lokacin da ƙamshi ya tashi daga maƙogwaro ya hau sama. Shi ya sa mai mura yake jin tuwo da miya lami, shi ya sa kuma mai ɗanɗano yake jan iska ta haƙora. Idan aka ce wata giyar Shiraz tana ƙamshin masoro, ba wanda ya barbaɗa mata masoro. A 2008 masu bincike na wannan cibiya ta Waite suka gano cewa a ɓawon inabin akwai wani sinadari, rotundon, wanda shi ne ainihin mai ba masoro ƙamshinsa, ya fi kuma yawa a inabin wurare masu sanyi. Sun kuma gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam, komai yawansa. Mutum biyu za su iya yin gardama a kan kofi guda har dare, kowannensu yana da gaskiya. Ƙamshin man shafawa na mura da ake ji a wasu jajayen giyar ƙasar kuwa daga itatuwan turare yake, wato yukaliptus, da ke gefen gonaki, waɗanda ganyensu kan faɗa cikin inabi lokacin girbi. Hayaƙi ma yana shiga. Bayan gobarar dajin ƙarshen 2019 da farkon 2020, manoma da dama a Kwarin Hunter da tsaunukan Adelaide sun bar inabinsu a gona, domin hayaƙin yakan ratsa ɓawo ya ɗaure da sukarin ciki ya ɓuya, sai an yi giyar an sa a baki yawu ya kwance shi, mutum ya ji kamar ya lashi toka.

Da aka kai kofi na huɗu ya ji ɗakin ya yi masa ƙunci, ya fito waje. Gonar tana bayan ginin, layi-layi, amma an ja igiya an kafa allo mai roƙon baƙi kada su shiga tsakanin itatuwan. Ya san dalili, tunda ƙasa ce sana'arsa. Akwai wani ƙwaro ɗan mitsitsi, filoksira, mai cin saiwar inabi, wanda ya fito daga Amurka ya shiga Faransa a shekarun 1860 ya kusa shafe gonakin inabin Turai. Ba a samu mafita ba sai da aka koma yi wa inabin aure, irin yadda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen irin Turai a kan gindin irin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa. An fara gano ƙwaron a jihar Victoria a 1877, amma har yau bai shiga jihar Kudancin Ostireliya ba, wadda ta yi dokar tsare kanta daga gare shi tun 1899. A ƙasar da ta maƙale a tafin takalmi yake tafiya, ko a tayar tarakta. Wannan tsaro ne ya sa a Barossa ake samun itatuwan inabi tsaye a kan saiwarsu ta asali tun ƙarni na 19, abin da ya yi wuya a Faransa kanta. Wasu a Langmeil, nan gefen Tanunda, an dasa su a 1843, kuma har yanzu ana girbe su. Waɗanda suka dasa su Jamusawa ne mabiya Luther, da suka baro ƙasar Prussia saboda sarkinsu ya nemi tilasta musu tsarin ibadar da ba su yarda da shi ba. Ya daɗe a tsaye a bakin igiyar yana juya wannan a ransa: kwarin giya mafi suna a ƙasar, mutanen da suka yi hijira don addininsu ne suka kafa shi.

Sunan inabin ma yana da nasa ruɗin. Shiraz birni ne a Iran, an kuma daɗe ana ba da labarin cewa daga can irin ya fito. Gwajin ƙwayoyin halitta a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna iyayensa biyu duk 'yan kudu maso gabashin Faransa ne, inda ake kiran sa Syrah. Daga can James Busby ya yanko rassansa ya kawo Sydney a 1832.

Wani dattijo mai malafa, cikin masu girbi, ya hango shi a tsaye. Ya yanko nono guda na inabin ya miƙo masa ta saman igiya.

"Ka tauna har da ƙwallon," in ji shi. "Maganar duk a can take."

'Ya'yan ƙanana ne, ba su kai rabin na kasuwa ba, baƙaƙe, masu kaurin ɓawo. Zaƙin da ya fara bugun harshensa ya wuce na duk wani inabi da ya taɓa ci, domin a lokacin girbi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sukari ne. Wannan sukarin ne yis ke ci ya mayar barasa. Bayan zaƙin sai tsami. Da ya tauna ɓawon ya fasa ƙwallon kuwa, sai bakinsa ya bushe, dasashi ya kama, harshe ya yi kaushi. Bauri. Bai buƙaci a fassara masa ba. Shi ne na ɗanyar kanya, shi ne na goro, shi ne na shayin da ya daɗe a kan wuta. Abin da masu ɗanɗano suka yini suna kira tanin, suna cewa na wannan mai laushi ne na wancan mai kaushi, bauri ne.

Kalmar tanin kanta daga sana'ar jima ta samo asali a harsunan Turai, kuma wannan ya mayar da shi Majema ta Ƙofar Wambai, inda ake daka bagaruwa a jiƙa a tsoma fata. Abin da ke cikin bagaruwa mai mayar da ɗanyar fata jemammiya dangin abin da ke cikin ɓawon inabi ne da ƙwallonsa. Aikinsa kama furotin ya ɗaure. A fata, ɗaurin ne ke hana ta ruɓa. A baki, furotin ɗin da ke sa yawu santsi yake kamawa, sai santsin ya tafi, harshe ya riƙa gogar dasashi kai tsaye. Don haka bauri ya fi kusa da taɓawa fiye da ɗanɗano, kuma mai kurɓar jar giya, in aka bi ta ƙa'ida, ɗan jeme bakinsa yake yi. Bambancin ja da fara ma a nan yake: jar giya tare da ɓawo da ƙwallo ake barin ta ta tsimu, farar kuwa ana matse ruwan a zubar da ɓawon tun farko, shi ya sa ba ta da bauri sai tsami.

Da wannan a bakinsa ya zauna cin abincin rana a wani gidan abinci kusa da Angaston, inda aka rubuta sunan giya a ƙarƙashin kowane abinci. Abin da daga nesa yake kama da al'adar masu kuɗi, da aka matso kusa sai ya zama 'yan ƙa'idoji da kowace mai girki ta sani ko da ba ta taɓa faɗa ba.

Babbar cikinsu ita ce maiƙo da bauri abokan gaba ne masu buƙatar juna. Maiƙo yana cika baki da santsi har ya gundura. Bauri yana kwashe santsi har baki ya bushe. In aka bi da su loma da kurɓi, kowanne yana gyara ɓarnar ɗan'uwansa, sai loma ta goma ta yi daɗi kamar ta farko. Wannan ne dalilin da ake ajiye Shiraz ta Barossa kusa da gasasshen naman sa mai kitse, ake kuma haɗa naman ɗan rago da Cabernet ta Coonawarra, wani siririn zirin jar ƙasa a kan farin dutse can kudu maso gabashin jihar. Naman kangaru, da kusan ba shi da kitse, ba ya ɗaukar bauri mai yawa. In aka haɗa shi da giya mai ƙarfi sai bushewa ta hau kan bushewa. Masu bincike a Amurka sun gwada wannan ƙa'ida a 2012, suka tabbatar da cewa kurɓar abu mai bauri tsakanin lomomin nama mai kitse tana rage jin maiƙo fiye da kurɓar ruwa. Abin sha da suka yi gwajin da shi shayi ne. Buzun da ke ɗora ƙaramar buta a kan garwashi bayan an ci nama a Agadez bai jira sakamakon ba.

Tsami kuma aikinsa yanka. Yana tsinka yawu, yana wanke mai, yana tashin abincin da ya kwanta. A Kwarin Hunter, arewa da Sydney, ana girbe inabin Semillon da wuri, tun sukarinsa bai yi yawa ba, a samu farar giya mai kaifin tsami da ƙarancin barasa, wadda ake kawowa tare da ɗanyun halittun teku masu ƙwanso, a madadin matsin lemon tsami. Riesling ta kwarin Clare da na Eden haka take yi wa soyayyen kifi. Babban sinadarin tsamin inabi, wanda ake kira asid tatarik, ba kasafai ake samun sa da yawa a 'ya'yan itatuwa ba. Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suke da shi a wadace ita ce tsamiya. Duk wanda ya taɓa karya kumallo da ƙosai mai zafi da kunun tsamiya ya riga ya san abin da mutumin Adelaide ke nema a kofinsa in an kawo masa kifi daga kasko.

Sauran ƙa'idojin na hani ne. Jar giya da kifi sukan haifar da ƙarni, kuma masu bincike a Japan sun nuna a 2009 cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar ne ke tada shi. Barasa tana ƙara wa barkono zafi, domin jijiyar da ke jin yaji ita barasa ke tsokana. Shiraz ta Barossa, da takan kai kashi 14 ko 15 cikin ɗari, in ta haɗu da girkin Thailand ko Vietnam da ya cika biranen ƙasar, wuta ce a kan wuta, shi ya sa ake komawa ga fara mai sanyi da ɗan zaƙi. Abin sha kuma dole ya fi kayan zaƙin da ke gabansa zaƙi, in ba haka ba ya koma tsami zalla, kamar lemon da aka sha bayan rake; nan ne Muscat ta Rutherglen, mai kauri kamar zuma, take shigowa. Iyakarta ke nan. Abin da ya wuce waɗannan, irin cewa wannan cuku sai giyar wancan tudu ta shekara kaza, yawancinsa sabo ne da talla, ko da an faɗe shi da murya ƙasa-ƙasa.

Shi kuwa, da mai hidima ta zo kansa, lemon kwalba ta fara ambata masa. Wannan ne rabon direba tun fil azal, kuma shi ne mafi munin abin da za a ajiye kusa da abinci mai kyau. Gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari kusan giram arba'in. Ba bauri, tsaminsa kuma zaƙi ya danne shi. Kowa a teburin an ba shi abin da zai ɗaga abincinsa, shi kaɗai aka ba abin da zai binne nasa. Ya ce ruwa ya isa. Ya zaɓi kifi don bai san yankan naman ba, sannan ya yi tambayar da ya saba yi a kowane gidan abinci har ta daina ba shi kunya: ko akwai giya a miyar? Ta shiga ta fito ta ce akwai, amma mai girki ya ce zai yi masa tasa da ruwan ɗanyen inabi. Da ta ga bai gane ba, sai ta kawo masa shi a tambulan irin na kowa, an sirka da ruwa mai gas.

Launinsa kamar bambaro. Ya tambaya sau biyu ko an bar shi ya tsimu, ta ce a'a, ta kawo kwalbar ya karanta da kansa. Inabi ne da aka tsinke tun yana kore, kafin sukari ya taru, aka matse, aka tace, aka rufe. Tsaminsa bai kai na lemon tsami kaifi ba, ya fi shi faɗi, akwai ɗan zaƙi can ƙasa da ɗan bauri a ƙarshe. Ya ci lomar kifi, ya kurɓa, ya sake ci. Man ya wanke, kifin ya dawo sabo. Karon farko a yinin ya fahimci abin da sauran suke yi da baki, da nasa bakin.

A nan Barossa aka farfaɗo da wannan ruwa a zamanin nan. A 1984 wata mai gidan abinci kusa da Nuriootpa, Maggie Beer, ta rasa mai sayen inabinta, sai ta matse shi ɗanye. Daga baya sunanta ya zama ruwan dare a kantunan ƙasar. Amma abin tsoho ne tukuf, kuma a ƙasashen Musulmi bai taɓa ɓacewa ba. Larabawa suna kiran ɗanyen inabi hisrim, littattafan girkin Bagadaza na zamanin Abbasiyawa suna da miyar nama da ake yi da shi. Iraniyawa suna kiran ruwan abgura, kuma da shi aka saba kwaɗa kokwamba da tumatir da albasa a kwaɗon da ke ɗauke da sunan Shiraz. Birnin bai ba Barossa irin inabinta ba, amma abin da ke cikin tambulan ɗin direba ya fi na sauran kusanci da teburin mutanensa.

Abokiyar tasa ce ta ɓata daɗin hirar, ba da gangan ba. Wani ya tambaye ta girbin gida, sai ta yi shiru tukuna. Riverland, can gefen kogin Murray, ba ta da tsofaffin itatuwa da ɗakunan baƙi irin na Barossa. Ita ce ke noma inabi mai yawa na giyar araha. A ƙarshen 2020, da dangantaka ta yi tsami tsakanin Canberra da Beijing, ƙasar Sin ta ɗora wa giyar Ostireliya harajin da daga baya ya kai kashi 218 cikin ɗari, kasuwar da ta haura dalar Ostireliya biliyan ɗaya a shekara ta rufe kusan dare ɗaya. Zuwa tsakiyar 2023 akwai fiye da lita biliyan biyu jibge a tankuna. Kuɗin da ake taya mahaifinta tan ɗin jan inabi bai kai abin da ya kashe wajen noma shi ba. Maƙwabta sun fara sa katafila tana tumɓuke itatuwa, wasu su dasa almon ko zaitun, wasu su bar filin haka. An cire harajin a ƙarshen wannan watan na Maris, amma ciwon ya fi haraji zurfi: duniya ce ta rage sha. Ƙididdigar hukumar inabi ta duniya ta nuna giyar da aka sha a 2024 ita ce mafi ƙaranci tun 1961.

Wannan ne ya sa masana'antar da ta shekara ɗari biyu ba ta waiwayi direba ba yanzu take zawarcinsa. A zangonsu na ƙarshe an miƙo masa kofin abin da aka kira giya marar barasa. Ana yin giyar ne cikakkiya, sannan a bi da ita ta wata na'ura mai juyawa, wadda hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ta ƙirƙiro, a zare ƙamshin a ajiye gefe, a fitar da barasar, a mayar da ƙamshin. Ya yi godiya ya mayar. Abin da ya fara zama giya, kuma sau da yawa akan bar ɗan ragowa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, malamai sun saɓa a kansa, shi kuma bai zo Barossa don ya shiga saɓani ba. Sauran da suka ɗanɗana suka yatsine fuska. Suka ce ba ta da jiki, kamar miyar da aka tsuga wa ruwa. Gaskiyarsu ce, kuma ya kamata a faɗe ta: barasa tana ba abin sha nauyi da ɗumi a baki, tana riƙe ƙamshi, babu kuma abin da ya maye gurbinta daidai. Akwai wani ɓangare na abin da suka ji a yinin da shi ba zai taɓa ji ba, ya kuma san da haka ya zaɓa.

Waɗanda suka fi dacewa su ne masu girkin da suka daina kwaikwayon giya suka koma gini daga tushe: ruwan ɗanyen inabi don tsami, shayi don bauri, ɗan gishiri don jiki, sai 'ya'yan itatuwan daji da 'yan asalin ƙasar suka sani dubban shekaru kafin zuwan Turawa, irin wani siririn lemon tsami mai kamar yatsa da wani jan ɗan itace mai tsananin tsami na dazuzzukan gabas. Manyan gidajen abinci a Melbourne da Sydney yanzu suna da jeri na biyu, marar barasa, kofi ɗaya ga kowane kwano. Yana jin wannan zoɓo ya faɗo masa a rai. Jan launinsa dangin na ɓawon inabi ne, tsaminsa ya isa, yana da ɗan baurinsa. Sukarin da ake ɗura masa ne kawai yake hana shi zama kusa da balangu ya yi aikin da Shiraz ke yi.

Kafin su bar Nuriootpa ya tsaya ya sayi kwalba ɗaya ta ruwan ɗanyen inabi. Na kujerar baya suka yi ta tsiya cewa shi da ya kafa doka shi ya fara karya ta. Ita ba ta yi dariya ba. Da suka hau babban titi ta tambaye shi, rabi wasa rabi gaske, ko masu irin ra'ayinsa suna da yawan da za su shanye gonar babanta in aka tsinke ta ɗanya. Ya yi lissafin a zuci, kwalba nawa gida ɗaya zai ƙarar a shekara, tan nawa ke fita daga hekta guda, ya ce mata bai ga alama ba. Ta gyaɗa kai, ta juya tana kallon layukan inabin da ke wucewa.

Kusa da Gawler suka tarar da fitilun 'yan sanda. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga biyu suna barci a baya, ya tambaye shi ko ya sha wani abu yau. Ya ce ruwan inabi, ɗanye. Mutumin ya ɗaga gira ya miƙo bututun. Ya hura, na'urar ta nuna sifili, aka ɗaga musu hannu. Kwalbar tana ta gangarawa a ƙarƙashin kujera duk lokacin da ya taka birki, har suka shiga gari.